Nankhoma da Sallamar Tela Laiton

Elufe Nankhoma ta yi aiki a Gidan Mangwaro shekara talatin da ɗaya da wata huɗu. Na san adadin ne domin ni na buga takardar ɗaukarta da tafireta, ni kuma na buga ta sallamarta. Gidan na mishan ɗinmu ne, a gindin dutse, mil tara daga Dedza. Masu taɓin hankali ne ke zama a ciki, waɗanda zafin ciwon ya sauka amma ba su kai komawa gida ba. Gado ashirin da huɗu, maza a ɗakin gabas, mata a na yamma, madafa a tsakiya, sai itatuwan mangwaro bakwai waɗanda gidan ya ci sunansu. Ni malami ne a makarantar mishan. In na tashi yara sai in biya in buga musu wasiƙu, don a zamanin mutum biyu ne kacal suka iya tafireta a yankin, ɗayan kuwa Fasto ne, shi ma da yatsa ɗaya.

Ba neman aiki ya kawo Nankhoma ba. A 1968 ta rako yayarta wadda ta rikice bayan haihuwa. Bayan wata biyar yayar ta warke, aka ɗaure kaya, Nankhoma ta ce su yi gaba, bari ta ƙarasa wankin da ta jiƙa. Wankin nan bai ƙare ba sai 1999.

Gajeruwa ce, ba ta kai kafaɗata ba, ni ma kuwa ba wanda ya taɓa kirana dogo. Amma in ta kira sunan mutum daga madafa, har cikin coci ana ji. Karatunta bai wuce sunanta ba, duk da haka ta san ƙwayoyin maganin mutum ashirin da huɗu da launi da girma, na safe da na yamma. Sau uku na bi ta da takarda a hannu ina dubawa. Sau ɗaya aka sami saɓani, da aka bincika, tafiretata ce ta yi kuskure.

Ba ta ce musu majinyata, baƙi take cewa, wai baƙo komai daɗewarsa tafiya zai yi. Dokokinta biyu ne: ba ta musu da baƙo, ba ta kuma yi masa ƙarya. Akwai wani dattijo, Samisoni, wanda ya daɗe yana cewa shi ne Gwamnan ƙasar nan. Ba ta taɓa ce masa shi ne ba, ba ta taɓa ce masa ba shi ba ne.

"Baba, ga ruwan wanka can yana hucewa."

"Ke! Kin san da wa kike magana?"

"Na sani mana. Da mutumin da rabonsa da wanka tun Talata."

Sai ya tashi yana gunaguni ya ɗauki soso.

In ran wani ya ɓaci ya fara zagaye fili yana zage-zage, ba ta kiran maza su riƙe shi. Sai ta jawo kwandon masara ta zauna kusa, ta shiga ɓarewa daga totuwa a karkace, rabi a kwando rabi a ƙasa. Ba ɗan manomin da zai iya kallon wannan ɓarna ya yi shiru. Kafin a jima zai fizge masarar ya ce, "Kawo nan, wa ya koya miki?" Shi ke nan, ya zauna. Ba kullum dabarar ke ci ba. Haƙorinta ɗaya na gaba a bakin aiki ya fita, kuma ba ta taɓa gaya mini wanda ya fitar da shi ba.

Abin da nake so in ba da labarinsa ya faru ne a watan Oktoba na 1987, a kan wani baƙo mai suna Laiton Kamwaza, tela. Da matarsa ta rasu ya koma ƙauyen 'yan'uwansa mata kamar yadda al'adarmu take, ɗansa ya zauna cikin dangin uwarsa. Can barci ya ƙaurace masa. Kwana tara yana kan keken ɗinki, ya haɗe shanyar mutanen gida gaba ɗaya ta zama ƙyalle guda, ya yayyanka abin da ya ƙi haɗuwa, daga nan ya ɗora keken ɗinki a ka ya ce ya tafi Johannesburg. A mil na shida aka tare shi. Babban kawunsu, Zakeyo, shi ya kawo shi a watan Maris na 1984, ya dangwala yatsa a takarda.

Zuwa 1987 Laiton ya warke sarai. Shi ke facin zannuwan gado da gidajen sauro, yana barci kamar dutse, har shi ke tuna wa wasu lokacin magani. Sai dai rabon da wani nasa ya leƙo an kusa shekara.

Likitan da ke duba mu sunansa Gondwe, mutumin Rumphi ne can arewa, yana zuwa a babur ranar Alhamis duk sati biyu. Mutumin kirki ne, sai dai kullum idonsa na kan agogo. Ran ɗaya ga wata ya zo da sabon umarni: duk wanda ya wuce shekara uku ba a zo ɗaukarsa ba, za a mai da shi babban asibiti na kudu don a sami gado. Mota za ta zo ranar Juma'a, talatin ga wata. Asibitin nan tafiyar yini guda ne, da katanga da ƙofar ƙarfe, wanda ya tafi can danginsa ba sa iya kai masa ko ƙullin gyaɗa. Mutum uku abin ya shafa. Biyu ba su da kowa. Laiton kuwa abin da ya rage masa kawai shugaban iyali ya sa hannu ya karɓe shi.

"Malam, buga wa ɗansa wasiƙa," in ji Gondwe. "Yana da ɗa namiji, ko?"

Nankhoma tana shara a bakin ƙofa, ta tsaya. "Yana da shi, Dikisoni. Amma me ya haɗa shi da wannan magana?"

"Me ya haɗa ɗa da ubansa? Inna, wace irin tambaya ce wannan?"

"Likita, nan ba Rumphi ba ce. Ku can kun ba da shanu sadaki, 'ya'ya naku ne. Nan kuwa miji aronsa ake yi daga wurin 'yan'uwansa mata. Kawunsa na wajen uwa za ka rubuta wa."

"Mutum mai shekara hamsin da biyu, da furfura, shi za a nemo wa kawu kamar ɗan yaye? Malam, buga wa ɗan."

Na san Nankhoma ce ke da gaskiya, amma mu an koya mana a mishan cewa wanda ya ce a buga shi ke da wasiƙa. Na buga.

Ran sha biyar ga wata Dikisoni ya zo cikin riga mai guga, da kaza a hammata. Ya durƙusa, ya tafa hannu a hankali ya gaida likita. Gondwe ya miƙa masa alƙalami. Ya dubi alƙalamin kamar an miƙa masa kunama.

"Ranka ya daɗe, ni fa ɗansa ne kawai."

"Kawai?"

"In na sa hannu, gwaggonnina za su ce na sace musu mutum. Kawuna kuma zai ce wa ya aike ni shiga gonar wasu."

"To kai in ka kwanta ciwo, wa zai zo ya tsaya maka?"

"Kawuna mana."

"Ubanka fa, me zai yi?"

"Zai kawo kaza," in ji Dikisoni, ya ɗan ɗaga wadda ke hammatarsa don likita ya gani.

Gondwe ya dafe kai. Sati biyu sun tafi a banza. Laiton ya ji yadda aka yi. Ya ci kazar kaɗan don kada ɗansa ya ji kunya, ya raka shi bakin hanya, ya dawo ya fara ninke kayansa. Abu ɗaya ya tambayi Nankhoma, ko a asibitin kudu ana barin mutum ya riƙe allura.

Ranar Asabar da sassafe Nankhoma ta ɗaura zani biyu, ta bar wa abokiyar aikinta ƙwayoyi a jere cikin marufan kwalba, ta kama hanyar ƙauyen su Laiton, mil sha huɗu a ƙasa. Litinin ta dawo ƙafa a kumbure, ta zauna a bencin ofis ta ba ni labari. Ta iske yayar Laiton, Velina, a bakin turmi.

"Ina Kawu Zakeyo?"

"Ayya, ai ya rasu tun Fabrairu."

"Allah ya jiƙansa. Yanzu wa ke babban kawu?"

"Laiton mana. Shi ne namiji babba da ya rage."

"To me ya hana ku je ku ɗauko shi?"

"Wa zai aike mu? Ai sai babban kawu ya ce a je."

"Me ya hana ku je ku tambaye shi?"

"Ta yaya za a tambaye shi, ba a kai masa labarin rasuwa ba?"

"Me ya hana a kai masa?"

"Haba Nankhoma, kamar ba 'yar ƙasar nan ba. Kai labarin rasuwa ga babba, ai babban kawu ne ke naɗa wanda zai je."

Na yi dariya har gilashina ya zame. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, duk abin da Velina ta faɗa haka al'ada take. Amma tsoro ne suka ɗaura wa zanin al'ada. Ƙanwarsa Marita ko gaisuwata ba ta amsa da kyau ba."

Muka je gidan Fasto muka buga wa Gondwe waya. Na yi masa bayani dalla-dalla cewa shugaban iyalin da ake nema yana gado na tara a ɗakin gabas.

"Malam," in ji Gondwe, "majinyaci ba ya sa hannu ya karɓi kansa daga hannun kansa. In na kai wannan takarda ofis, motar Juma'a da ni za ta tafi."

Da yamma Nankhoma ta kira Laiton gindin mangwaro ta gaya masa rasuwar da bakinta, ba kwana-kwana. Ya yi kuka, ya tambayi wa ya haƙa kabari, da ko an yi ruwa ranar. Da ya share ido ya ce, "To yanzu wa ke riƙe da mutanen?"

"Kai."

Ya dube ta, ya fashe da dariya har da tari. "Allah ya jiƙan dangin da kawunsu ke Gidan Mangwaro."

"Na ga dangi iri-iri, Baba Tela. Naku ne kaɗai ake duba kan kawunsu duk sati biyu. Yanzu da ka sani, kai ke da ikon kira. Kira su."

Washegari na buga wasiƙa mafi gajarta a rayuwata: babban kawu yana kiran dangi zama ranar Alhamis, ashirin da tara ga wata, ƙarfe goma. Laiton ya sa hannu, wani mai keke ya kai.

Mutum ashirin da shida suka zo, na ƙirga, ban da goyo. Mata suka zauna gefe guda ƙafa a miƙe, maza a ɗaya gefen, baƙin gidanmu suka jeru a baranda. Laiton yana kan kujera cikin tsohon kwat ɗin Fasto wanda ya rage wa hannu da kansa. Da Gondwe ya kashe babur ya ce, "Biki ake yi?"

"Zaman dangi ne, Likita," in ji Nankhoma. "Ga kujera. Wanda ba ɗan dangi ba ba ya magana sai an ba shi."

Wata takwas ba su da mai raba gardama, don haka shari'u sun taru. Aka fara da akuyar da ta cinye irin taba. Laiton ya saurari kowa, ya ce mai akuya ya yi wa mai taba noman kwana biyu, mai taba kuma ya daina kiran kara uku shinge. Sai wani suruki da ya shekara bai rufe wa surukarsa rumbu ba, yana cewa bayansa na ciwo. Laiton ya ce, "Bayan nan ne ya kai ka rawa ƙauye uku a kakar bana? Kafin ruwan fari in ji an rufe." Mata suka yi guɗa. Na lura Gondwe ya daina duban agogo.

Daga nan Nankhoma ta fito tsakiya, ta durƙusa gaban Laiton, ta tafa hannu.

"Kawu, akwai wani ɗanku da ke hannunmu shekara uku da wata bakwai. Muna so ku karɓe shi. In ba ku karɓa ba, gobe mota za ta kai shi kudu."

"Wane ne?" in ji Laiton, fuska a murtuke.

"Laiton, tela."

"Na san shi. Mai taurin kai ne tun yana yaro. Yana shan magani?"

"Safe da yamma."

"Da kansa, ko sai an bi shi?"

"Shekara biyu ke nan da kansa. A shekarar farko kuwa ƙarƙashin harshe yake ɓoyewa, ya je ya tofar a gindin mangwaron can na uku."

"Shi ya sa itacen nan ya fi sauran natsuwa," in ji Samisoni daga baranda. Wuri ya kaure da dariya, har da likita.

Laiton ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Akwai mai ƙara a kansa?"

Sai Marita ta matso da gwiwa, kanta a ƙasa.

"Kawu, ina da ita. Ya yanka mini sabon zani, wanda maigidana ya aiko daga wurin haƙar ma'adinai, ko sau ɗaya ban ɗaura ba. Amma ba zanin ne ya dame ni ba. Na shiga ɗaki na iske shi da almakashi a hannu, ya dube ni da idon da ban sani ba, 'yata tana kwance a tabarma kusa da ƙafarsa. Har yau in na ji ƙarar almakashi sai in tuna idon nan."

Dariya ta ɗauke. Laiton ya sunkuyar da kai. Na dubi Nankhoma ina jiran ta sa baki, don ta san amsoshi goma. Tana nan durƙushe, ba ta ce uffan ba. Daga baya ta gaya mini a duk shekarunta na aiki ba abin da ya fi wannan shirun wuya.

Can Laiton ya ɗago. "Marita ta yi gaskiya. Mutumin nan kada a yarda da bakinsa, a dubi barcinsa. Ga abin da na yanke. Almakashinsa a ɗakin Marita zai riƙa kwana, da safe ya roƙa, rana ta faɗi ya mayar. Maganinsa a hannun Velina, in ya haɗiye ya buɗe baki ta duba. Ranar da ya yi dare biyu bai yi barci ba, a ɗauko shi a kawo shi nan ko a keken shanu ne. Ko da ni babban kawu na ce kada a kai shi, kada ku saurare ni, ranar ba ni ke magana ba. Aikinsa na farko kuma ya ɗinka wa Marita riga." Ya juya gare ta. "Marita, in duk da haka ranki bai kwanta ba, ki faɗa. Gobe zai hau mota, kuma na hana kowa ganin laifinki."

Marita ta yi ta murza bakin zaninta.

"Almakashin babba da ƙarami duka?"

"Duka."

"Har da reza?"

"Har da reza."

"To ya dawo." Ta ja hanci. "Amma rigar mai hannu nake so, Yaya, ba irin buhun da kake ɗinka wa Velina ba."

"Buhu?" in ji Velina. "Ke da kika are shi zuwa coci sau biyu!"

Laiton ya umarci Velina ta karɓi mutumin a madadin dangi. Sai a lokacin Nankhoma ta waiwaya ta ce, "Likita, yanzu an ba ka magana."

Gondwe ya tashi, ya buɗe jaka, ya fito da takarda da tawada. Velina ta dangwala yatsa. Ya ce in buga sharuɗɗan nan kalma da kalma a maƙala a jikin takardar, in ƙara masa kwafi ɗaya na kansa. Da muka shiga ofis ya sunkuyo kusa da tafireta ya rage murya.

"A gurbin shugaban iyali me za ka sa?"

"Velina Kamwaza, da umarnin babban kawu."

"Ya yi. Sunan babban kawun kuwa, Malam, ba sai ka wahalar da kanka ba."

Da la'asar suka tafi, Laiton a gaba cikin kwat, Marita a can baya da almakashi biyu ƙulle a gefen zani. Ranar Juma'a mota ta zo ta tafi da mutum biyu maimakon uku. Nankhoma ta dafa musu dankali ta ƙulle musu, ta tsaya a bakin hanya har ƙarar motar ta ɓace, ranar ita kanta ba ta ci komai ba.

A watan Afrilu na 1990 muka ji ihu daga wajen gada. Keken shanu ne, Laiton a ciki yana cewa shi ne babban kawu, ya hana, ya ce ya hana, duk zai ci su tara. Velina ta danne kafaɗu, Marita tana zaune daram a kan ƙafafunsa cikin riga mai hannu. Nankhoma ta tare su a ƙofa ta ce, "Sannu da zuwa, Kawu. Umarninka suka bi." Sati bakwai ya yi. Wannan karon ban buga wa kowa wasiƙa ba, tun ana gobe sallama 'yan'uwansa suka iso suka kwana a madafa. Ya riƙe danginsa har ya rasu a 2001.

Bayan Nankhoma ta bar aiki ta koma ƙauyen 'yarta, na kai mata ziyara sau ɗaya. Ido ya yi rauni, muryar dai tana nan. Na tuna mata da zaman gindin mangwaro, na ce a ganina ba a taɓa yin aiki mai kyau irinsa a gidan ba.

"Kai dai da yake bugawa kawai kake yi, Malam," in ji ta. "Mutum ashirin da shida, ba wanda ya zo da ko ƙullin gari. Waken sati guda suka cinye mana a zama ɗaya, surukin nan mai ciwon baya sau uku ya ƙara."